Matar Wane na Ɗaya

A Kwarin Tunney, idan yaro ya cika riƙo, uwarsa kan harare shi ta ce, "To, sannu jikan Drema." Drema Pauley tana nan da ranta, kuma maganar ta sha zuwa kunnenta, amma ko a jikinta. Cewa take yi yafiya aikin Allah ne, ita kuwa ba ta son shiga aikin da ba nata ba.

A gidajen kamfanin kwal aka haife ta, waɗancan na katako da suka yi layi a bakin rafi. Ubanta ya shiga rami tun yana saurayi, ya fito da huhu baƙi ƙirin. A shekarar da tari ya kwantar da shi ne mai kantin kamfani, wani ƙato da ake kira Burl, ya tare uwar Drema a bakin ƙofa ya zazzage jakarta a gaban mutane, wai ya ga ta ɗauki sabulu. Aka duba, babu sabulu. Ko haƙuri bai ba ta ba, cewa ya yi ta kwashe tsummokaranta ta ba mutane hanya. Drema na riƙe da gefen rigar uwarta a lokacin, haƙoranta na gaba ma ba su gama fitowa ba. Daga ranar ba ta sake taka kantin nan ba. Ko gishiri aka aike ta, gara ta haura tudu ta gangara ƙauyen gaba. Ta yi aure, ta haihu, furfura ta fara fito mata, sannan Burl ya mutu. Ta saka rigarta ta zuwa coci ta je jana'iza, ta zauna a layin gaba. Da aka tashi yin bankwana da gawa, ta matsa ta ɗora masa sabon sabulu a ƙirji, ta gyara masa zama. Bayan an binne shi ta ci faranti biyu na abincin makoki, ta yaba wa mai girkin.

Abin da har yau mutane suka kasa ganewa shi ne yadda mace irin wannan ta auri Orval. Shi ne direban bas ɗin makaranta, ita kuma tana girki a kicin ɗin firamare, a nan suka haɗu. Orval mutum ne da ko ƙuda ya faɗa masa a kofi sai ya tsamo shi ya ba shi haƙuri. Shekara talatin da 'yan kai yana jan rawayar motar nan a kan hanyoyin da akuya ma sai ta yi tunani kafin ta bi, bai taɓa ƙwarzane yaron kowa ba. Ya ɗauki yara, ya dawo ya ɗauki 'ya'yansu. Idan yaro ya manta rigar sanyi, akwai tsofaffi a bayan kujerarsa. Idan Drema ta fara lissafa masa waɗanda suka ci amanarsa, sai ya yi dariya ya ce, "Uwargida, ki riƙe mana ke kaɗai, ni aljihuna a huje yake." Ta kan ce masa, "Kai dai Tsoho, wata rana kirkin nan naka zai ci ka." Wasa take yi masa, ba ta san bakinta zai kama ba.

'Yarsu ɗaya ce, tana aure a Ohio. Ita ta matsa aka ja musu layin intanet don su riƙa ganin jikoki. Gidansu a kafaɗar tudu yake, kuma a nan layin ya tsaya, duk wanda ke ƙasan kwarin sai dai ya ji labari. Yaron da ya zo haɗa akwatin ya tambayi kalmar sirrin da za a kulle shi da ita. Drema ta buɗe baki, Orval ya riga ta.

"Bar shi a buɗe, ɗana. Wa ya taɓa sa wa rijiya kwaɗo?"

"Rijiyar da ba ta da murfi ai ita ake samun mushe a ciki," in ji Drema.

"To in mun samu sai mu tsamo."

Haka aka bar shi. Kafin wata ya zagayo, ƙofar gidan ta zama tasha. Da la'asar motoci kan jeru a ƙarƙashin bishiyar tuffa: 'yan makaranta masu aikin gida, matan da ke neman aiki tun da aka rufe rami, tsofaffi masu magana da 'ya'yansu da ke aikin soja. Orval har benci ya kafa musu. Harlan Stull, dattijon cocinsu, shi ma ya kan zo da a-kori-kurarsa, wai yana duba farashin shanu da labarin ruwan sama. Shi ba ya zama a benci. Can gefe yake tsayawa, gilashin mota a rufe, ya daɗe.

Takardar ta zo ne a farkon bazara, daga ofishin wani lauya mai suna Kimbrell, can wani babban birni da babu wanda ya taɓa zuwa a cikinmu. Ta ce an sauke wani fim ta layin Orval Pauley ba tare da izinin masu shi ba, an kuma raba wa wasu. Sunan fim ɗin kaɗai ya isa a wanke baki bayan an karanta. Ta ce ko ya biya a rufe magana, ko a saka sunansa a takardar kotu tare da sunan fim ɗin, duniya ta gani.

Sana'ar Kimbrell ke nan, kuma a shekarun nan ba shi kaɗai ba ne. Jan koma yake yi. Ya kan tara lambobin layin intanet na dubban mutane da ba su san juna ba, ya cusa su cikin ƙara guda, ya biya kuɗin shigar da ƙara sau ɗaya tak. Tun da bai san sunan kowa ba, sai a rubuta Wane na ɗaya, Wane na biyu, har ƙasa. Da wannan ƙarar yake karɓo izinin kotu ya tilasta wa kamfanin intanet ya ba shi sunaye. Daga nan ba ya sake waiwayar kotu, sai aika takardu. Bai damu da wanda ya yi da wanda bai yi ba. Ya san kunya ta fi sammaci kaifi, kuma yawancin mutane, sun ci ko ba su ci ba, za su biya a ɓoye su yi shiru.

Orval dariya ya fara yi. Mutumin da ko kunna kwamfuta bai iya ba sai ya kira matarsa? Ya ce ba zai biya ba, don biya amsa laifi ne, ya jefa takardar a murhu. Sai waya ta fara. Safe da rana wani yaro mai zaƙin baki yana kira yana tambayar ko Malam Pauley ya yi shawara da iyalinsa. Da suka ga tsohon ba ya motsi, suka ce tun da ya musa, dole su yi bincike. Binciken nasu shi ne su kira maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, su faɗi sunan fim ɗin, su tambaya ko sun san wani abu game da halin Orval. Suka kira ofishin makaranta su ma.

Ranar Litinin ɗin da ta biyo baya, shugaban masu motocin makaranta ya karɓi makullin bas daga hannunsa. Ya ce ba kora ba ce, hutu ne har ƙura ta lafa, amma ya gane ai, harka ce ta yara. Orval ya dawo gida a ƙafa, da tsofaffin rigunan sanyin nan a hammata.

Drema ta sa takalmi ta bi gidajen masu zuwa gindin tuffar nan kaf. Abu ɗaya ta roƙa: kowa ya fito ya faɗa cewa layin a buɗe yake, duk kwarin na sha. Ba ta ce kowa ya amsa laifi ba. Wannan ta ce mijinta ya hana ta shiga maganar kotu. Wancan ya ce shi sau ɗaya ya taɓa zuwa. Wata da Drema ta yi wa girkin biki da hannunta ta leƙo ta taga ta ce tana wanka. Kowa ya ga gemun Orval ya kama wuta, ya koma yana shafa wa nasa ruwa. Motoci suka ɗauke ƙafa daga gindin tuffa, ciyawa ta fara cin benci.

Wanda ya fi ƙona mata rai shi ne na coci. Ana tsakiyar addu'o'i Harlan Stull ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya ce a taya shi roƙa wa wani ɗan'uwa da Shaiɗan ya ruɗa da tsufansa, ba zai kama suna ba. Coci ta ce amin. Orval na zaune kusa da ita, hularsa a kan gwiwa, yana juya ta yana juya ta. Drema ta ji kunya irin wadda ba ta ji ba tun ranar sabulu, ta kuma ji wata ƙiyayya mai sanyi ta sauka a cikinta ta sami wurin zama.

Orval bai sake zuwa coci ba. Ya daina fita ko shago. Idan bas ya zo wucewa da safe sai ya shige ɗaki, don kada yara su gan shi su rasa yadda za su yi. Lokacin farautar barewa, yana faskare a bayan gida, gatari ya suɓuce masa, shi kuma ya yanke jiki ya faɗi. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito, ta fito a karkace.

Drema ba ta yi kuka a asibiti ba, ba ta yi a gida ba. Ta koyi juya shi, da yi masa wanka, da ba shi romon wake a cokali tare da burodin masara da ta jiƙa. Da yaron mai zaƙin baki ya sake kira, ta ɗauka.

"Ɗan nan, uwarka na da rai?"

"Tana nan, Inna, amma maganar da na kira..."

"Ta san aikin da kake yi? To ka gaya wa ubangidanka Drema Pauley na gaishe shi. Ka ce kifi na ganinsa, mai jar koma."

Akwai lauya ɗaya a garin da ke ƙasan kwarin, Tonya Adkins, wadda yawancin aikinta rabon gado ne da rigimar iyakar gona. Tana ƙarama bas ɗin Orval take hawa, kuma kullum sai ta yi amai a kwanar gada, shi yake gogewa bai taɓa kai ƙara ba. Ita kaɗai ce ta riƙa hawowa tudu duba shi. Ta sha gaya wa Drema cewa babu yadda za a yi da Kimbrell, don bai kama sunan kowa a kotu ba, ba ka kuwa dambe da wanda bai shigo fili ba.

Wata safiya cikin sanyi sai ga ta a guje, ko motar ba ta kashe ba.

"Inna Drema, albishirinki! Alƙalin tarayya ya yaga komar!"

"Zauna ki yi numfashi, kada ki yi mini amai a tsakar ɗaki. Me ya faru?"

Tonya ta zauna ta warware mata. Alƙalin ya gaji. Ya ce kotunsa ba rumfar karɓar haraji ba ce. Mutanen da ba su san juna ba, ba su haɗa baki ba, ba za a ɗaure su da igiya ɗaya ba. Duk wanda Kimbrell ke zargi, ya kai shi ƙara shi kaɗai, a kotun yankin da mutumin yake zaune, ya biya kuɗin shigarwa na kowane ɗaya, ya kuma zo da hujja. Ya sallami dubban nan duka.

"Duka?"

Tonya ta ɗan sunkuyar da kai. "Saura ɗaya. Haka ake yi, a sallami saura a bar na farko a jerin. Inna, lambar layinku ce a sama. Baba Orval ne Wane na ɗaya."

Drema ta sauke tukunya daga wuta.

"Amma kada ki damu," in ji Tonya da sauri. "Ba zai tsaya ba. Mutum ɗaya ba riba. Kafin mako ya ƙare zai janye ƙarar ya tattara ya koma wata jiha. Shi ke nan, kun huta."

"Mun huta? Ya janye ya tafi, sai kuma me? Wa zai je ya gaya wa makaranta ƙarya ce? Cewa za a yi tsoho ya sha da ƙyar." Ta juyo. "Ke, babu yadda za a yi a riƙe masa ƙafa?"

Tonya ta dafe kai, kamar mai nadamar karatun da ta yi. Sannan ta ce akwai. Muddin wanda ake ƙara bai amsa ba, mai ƙara na iya ficewa duk sa'ad da ya ga dama. Amma idan aka riga shi aka shigar da amsa, ƙofa ta rufe, ba ya fita sai da yardar alƙali. Sai dai amsar da suna ake shigar da ita. Abin da Kimbrell ya yi ta tsorata su da shi, su za su yi wa kansu da hannunsu: sunan Orval da sunan fim ɗin a takarda ɗaya, a buɗe, har jaridar gari ta ɗauka.

"Sunan da suka riga suka ja a cikin taɓo?" in ji Drema. "Wanda ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi."

"Ba sunanki ba ne, Inna. Nasa ne. Sai ya yarda."

Gaskiya ce, kuma ta yi wa Drema ɗaci. Ta shiga ɗaki ta durƙusa a gaban kujerarsa, ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ta san mijinta. Ta san zai ce a bar wa Allah, kuma ta riga ta yanke cewa in ya faɗi haka za ta bari, ko da abin zai kashe ta. Orval ya daɗe yana kallon taga. Bas ya zo wucewa a ƙasa, suka ji ƙarar birkinsa a kwanar gada. Bakinsa ya yi ta rawa, miyau na zuba, tana gogewa. Da kalmar ta fito, ba ta buƙaci a maimaita ba.

"Ri...ƙe."

A ranar Tonya ta kai takardar kotu da kanta. Takardar janyewar Kimbrell ta iso washegari, ta tarar da ƙofa a rufe.

Watanni ya yi yana zillo. Yau ba shi da lafiya, gobe jirgi ya tashi ya bar shi. Ya roƙa a bar shi ya yi magana ta waya, alƙali ya ce a'a, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ya zo da ƙafarsa. Jarida ta buga labarin kamar yadda Tonya ta faɗa, mutanen kwari suka karanta a ɓoye suna tsaki a fili. Drema ta sayi nata ta ajiye a kan teburin cin abinci. A watannin nan ne mutane suka lura ta yi ƙiba.

Ranar shari'a ta yi wa Orval aski, ta saka masa rigar aikinsa ta direba, ta tura kekensa har cikin ginin kotu. A baranda wani mutum ya tare su. Drema ta zaci za ta ga dodo, sai ta ga ɗan guntun mutum mai sanƙo da jan hanci, yana fama da mura. Abin ya ɗan ɓata mata rai.

"Uwa, ni ne Kimbrell. Kuskure aka samu, kuma na yi baƙin ciki ƙwarai. Ga shawara: mu rufe maganar nan a nan. Zan ba ku abin da zai ishe ku jinya, ku sa hannu cewa ba za ku sake tayar da ita ba. Ba sai mun wahalar da dattijo ba."

"Wane dattijo?"

Ya nuna keken da haɓa.

"Yana da suna. Faɗi."

Kimbrell ya saci kallon jakarsa. Dubban sunaye sun bi ta hannunsa, wannan bai zauna ba.

"Ka gani?" in ji Drema. "Ka kashe mutum ba ka san wa ka kashe ba. Riƙe kuɗinka ka sayi maganin mura, ɗan nema. Mu shiga."

A ciki ba a daɗe ba. Alƙalin ya tambayi Kimbrell hujjarsa cewa wannan mutumin ne ya sauke fim ɗin. Ya ce lambar layi. Alƙali ya ce lambar layi gida take nunawa ko mutum? Ya ce gida. Ya taɓa duba kwamfutar gidan? Bai taɓa ba. Ya san layin a buɗe yake? Bai tambaya ba. To me ya sa ofishinsa ya kira makaranta? Nan Kimbrell ya shiga kame-kame, yana cewa wanda ake ƙara, Wane na ɗaya, shi ne ya ƙi ba da haɗin kai.

Drema ta miƙe. Tonya ta ja rigarta, ta fizge.

"Ranka ya daɗe, babu Wane a nan. Shekara guda mutumin nan yana tsorata mu da cewa zai kira sunan mijina a kotu. To ga kotu, ga mijina. Ya kira."

Ɗan sandan kotu ya yunƙuro, alƙali ya ɗaga masa hannu. Ya dubi tsohon da ke cikin keke da rigar direba, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce wa Kimbrell ya juya ya fuskanci mutumin, ya faɗa da babbar murya, don a rubuta, ko yana da wata hujja a kansa.

Kimbrell ya juya. Sanƙonsa na naso.

"Ba ni da wata hujja a kan Orval Pauley."

"Tsoho kunnensa ya yi nauyi," in ji Drema. Ƙarya take yi, kunnen Orval ras yake. Alƙali ya san ƙarya ce, amma ya ce a maimaita, aka maimaita.

Aka kori ƙarar korar da ba ta dawowa, aka ɗora wa Kimbrell kuɗin shari'a, aka kuma tura batunsa ga masu ladabtar da lauyoyi. Drema ta tura keken ta wuce ta gabansa a hankali, har tayar ta ɗan taka masa takalmi. Ramuwar gayya, in ji masu magana, ta fi ta gayya zafi, kuma ranar ta ji daɗinta har cikin ƙashi.

Sai ga kwari ya tuna hanyar tudu. Mata suka riƙa hawowa da kwanukan abinci, kowa na cewa ita dama tun farko ba ta yarda ba. Makaranta ta aiko da kati mai furanni. Ba a yi mako biyu ba motoci suka fara dawowa gindin tuffa, a ɗarare, kamar ba su ba. Suka taɓa wayoyinsu, suka tarar an sa wa rijiya kwaɗo. Drema ta sa an canza akwatin, an kawo sabo mai kalmar sirri.

Ta fito baranda tana goge hannu.

"Layi na nan, ba a hana kowa ba. Amma ba nawa ba ne, na Orval ne, jarida ma ta faɗa. Kalmar a bakinsa take. Duk mai so ya hawo ya gaishe shi ya tambaya."

Haka ake yi har yau. Mai son layi sai ya hau matakalar baranda, ya ja kujera kusa da keken Orval, ya dubi fuskar da ta karkace, ya kasa kunne. Kalmar ba ta fita da sauri. Wani sai ya yi rabin yini yana cewa, "Sake faɗa, Baba," yana goge masa baki. Wasu a nan suke fashewa da kuka, Drema na tsaye a bakin ƙofa tana kallo, ba ta ba kowa haƙuri ba, ba ta kuma taimaka wa kowa da ko harafi ɗaya ba. Duk Lahadi Orval ke zaɓar sabuwa, don haka babu wanda ya gama zuwa. Shi kuwa, bawan Allah, murna yake yi da baƙi. Bai san hukunci ake yi da shi ba, ko kuwa ya sani ya ƙyale.

Kowa ya hau barandar nan, ban da mutum ɗaya. A-kori-kurar Harlan Stull kan zo wucewa, ta rage gudu a gindin tuffa, sannan ta ƙara wuta. Drema ba ta taɓa cewa shi ne ya sauke fim ɗin ba, ba ta da hujja, kuma ta ga abin da zargi ba hujja yake yi. Kujera kawai ta ajiye a gefen Orval, ta hana kowa zama a kai. Idan an tambaya ta ce ta Harlan ce, yana nan tafe. Tun mutane na dariya har suka daina, suka fara kallon kujerar suna kallon juna. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wata Lahadi Drema ta koma coci, ta miƙe ana tsakiyar addu'o'i, ta dafa ƙirji, ta ce a taya ta roƙa wa wani ɗan'uwa da ƙafarsa ta kasa hawa matakalar baranda, ba za ta kama suna ba. Coci ta ce amin da ƙarfi. Harlan bai ƙara zama a layin dattawa ba.

Kwanakin baya Tonya ta hawo da yamma, ta tarar da Drema na yanke wa Orval farce. Ta ba ta labarin cewa an karɓe wa Kimbrell lasisi, Harlan kuma an ce zai sayar da gona ya koma wurin ɗansa.

"To Inna, yanzu dai kin huce ko?"

Drema ta ɗaga hannun Orval na dama, wanda ya riƙe sitiyari shekara talatin, ta sake shi. Ya faɗo kan cinyarsa kamar tsumma.

"Ya tashi ya ja bas?"

Tonya ta girgiza kai.

"To ban huce ba."

Tsohon akwatin intanet ɗin yana nan a saman kabad, ta naɗe shi a tawul mai tsabta, kusa da rigarta ta zuwa jana'iza, yana jiran ranar da za a ɗora shi a ƙirji kamar sabulun Burl. Ta riga ta tambayi ɗan Harlan sunan garin da yake zaune, da motar da ake hawa a je.